Me ya sa labarin finafinan kaboyi na talabijin yake bin hanya ɗaya?

Abban Sadiƙ: Assalamu alaikum. Ga masu kallon tsofaffin shirye-shiryen kaboyi na Amurka, irin su Gunsmoke da Bonanza da Rawhide, ina so mu tattara abin da kowa ya lura da shi game da yadda ake gina labarin kashi guda, wato na mako ɗaya. Nawa shi ne: labarin ba na jarumi ba ne, na baƙo ne. Baƙo zai shigo gari da matsalarsa, ko ana farautarsa, ko ya zo ɗaukar fansa, kafin ƙarshe ya mutu, ko a ɗaure shi, ko ya hau dokinsa ya tafi. Jarumi kuwa yadda aka same shi haka za a bar shi.

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Wa alaikumus salam. Haka ne, kuma talla ce ta yanka labarin. Shirin awa ɗaya a wancan zamani minti 50 ne ko kusa da haka, na rabin awa kuma wajen 25. Ana farawa da ɗan gajeren yanki kafin kiɗan buɗewa, a tare keken doki ko a harbe wani, don kada mai kallo ya juya tasha. Sauran sai a raba shi yawanci gida huɗu, kowane ya tsaya a kan tashin hankali: an ɗora wa jarumi bindiga a ƙeya, ko gungun mutane sun nufi gidan yari da igiya. Inda marubuci ke faɗuwa shi ne gida na uku. Idan asirin baƙo ya tonu da wuri, babu sauran abin riƙe mutum sai sukuwa da harbi. Gunsmoke ta fara a 1955 da rabin awa, ta koma awa ɗaya a 1961, kuma a ganina na rabin awar sun fi tsauri domin babu wurin ɓata lokaci.

Maman Ilham: Malam, a ƙara da batun mata. A Bonanza, Ben Cartwright ya auri mata uku, kowace ta haifa masa ɗa ɗaya ta rasu tun kafin labari ya fara. Duk yarinyar da ɗaya daga cikin 'ya'yan ya so, ka sa rai ciwo ko harsashi zai ɗauke ta, ko ta bar gari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana maimaita kashi-kashin ba bisa jeri ba, to in aka ɗaura aure a wannan mako, ina za a kai amarya a na gaba? Abin yana ci mini rai, domin akwai 'yan wasa mata masu ƙwarewa da aka ɓarnatar a haka.

Kawu Direba: Ni ɓangaren bindiga na fi sa ido. Libarbar da suka fi riƙewa Colt ce samfurin 1873, mai ramin harsashi shida. Masu amfani da ita na gaskiya biyar suke sakawa, su bar rami ɗaya fanko a gaban hamar, wato ƙarfen da ke bugun harsashi, domin in ta faɗi ƙasa tana iya tashi. Ɗura ta ma aiki ne: ka buɗe 'yar ƙofar gefe, ka turo kwanson ɗaya bayan ɗaya, sannan ka saka sabo. A shiri kuwa za ka ƙirga harbi tara ko goma ba a ɗura ba. Haka raunin kafaɗa, da ake ɗaure wa ƙyalle a ci gaba da faɗa, alhali wurin akwai babbar jijiyar jini da mahaɗar ƙashi. Tsayuwar mutum biyu a tsakiyar titi a ga wanda zai riga zarewa, ita ma ba ta yawaita a tarihi ba. Faɗan gaske na kwanton ɓauna ne ko na maye.

Abban Sadiƙ: Kawu, ai a The Lone Ranger ma bindigar ake harbewa daga hannun bos, saboda shirin yara ne, jarumi ba ya kisa.

Yaya Mai Kyamara: Rabin waɗannan al'adu kuɗi ne ya haife su. A farkon Gunsmoke kashi 39 ake yi a zango ɗaya, ba lokacin tafiya nesa. Garin Dodge City, inda labarin Gunsmoke yake faruwa, a Kansas yake, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, amma sai ka hango tsaunukan Kalifoniya a bayan mahayi. A Bonanza an daidaita wa manyan 'yan wasa kaya iri ɗaya kowane mako, don a ɗauko tsohon hoton sukuwa a liƙa ba tare da an gane ba. Dare kuma da rana ake ɗaukarsa a rage hasken kyamara. Ka duba ƙasa za ka ga inuwa mai kaifi. Kujerar da ake fasa wa mutum a mashaya ta katakon balsa ce marar nauyi, gilashin taga kuma na sukari.

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Shirye-shiryen da jarumansu ke kan tafiya sun fi samun sauƙin kawo sabon baƙo. Rawhide garken shanu ake korawa daga Texas zuwa Sedalia a Missouri, don haka kowane zango na hanya da sabuwar fitina: rijiya ta ƙafe, mai gona ya hana wucewa, tsawa ta firgita garke.

Maman Ilham: Ina da tambaya ga Yaya: a tufafin da ake sa wa 'yan asalin ƙasar, na ga ana haɗa hular gashin tsuntsu ta mutanen filayen tsakiya da labarin ƙabilar Apache ta kudu maso yamma. Rashin sani ne, ko abin da ke ɗakin kaya kawai ake ɗaukowa?