Zarto mai sanda ko mai inji: wanne ya kamata in fara saya don aikin datse rassa?

Ɗan_Darbejiya:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sana'ar datse bishiyoyi ina neman shawara. Shekarata uku ina wannan aikin a nan Zariya, gidajen mutane da makarantu, yawanci darbejiya ce da mangwaro sai ɗan turare nan da can, kuma duk da adda da tsani nake yi, in reshe ya yi nisa in hau. To makon jiya wani reshen darbejiya ya ɓalle da ni ina kai, Allah ne ya kiyaye na faɗo kan tarin yashi, har yanzu ƙuguna bai saki ba, mahaifiyata ta ce in dai hawa ne ba da yawunta ba. Na tara ɗan kuɗi ina so in sayi zarton nan mai doguwar sanda da ake yanka daga ƙasa, amma na ga kala uku ne, akwai na hannu, akwai mai almakashi da igiya, akwai kuma mai inji da sarƙa a baki. Kuɗina ba zai ɗauki duka ba. Wanne zan fara da shi?

Baba_Mai_Zarto:
Wa alaikumus salam ɗana. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, kuma maganar mahaifiyarka ka riƙe ta da kyau.

Ni dai na hannu zan ce ka fara da shi, kuma dalili zan ba ka ba son rai ba. Mai injin nan da kake gani yana burge mutane, tsawonsa bai kai yadda kake zato ba, Stihl HT 135 in ka zare shi gaba ɗaya mita 3.9 ne, nauyinsa kuma ya kusa kilo 8, ka ɗaga kilo 8 kana kallon sama tun safe har azahar sai ka ji kafaɗa kamar ba taka ba. Na hannu kuwa irin Silky Hayauchi na Japan babbansa yana kaiwa mita 6.3, ka ga darbejiyar makaranta da shi za ka cim ma rassan da suke sa ka hawa. Zarton Japanawa a jawowa yake ci ba a turawa ba, wato kai dai ka ɗora shi kan reshe ka ja ƙasa, nauyin sandar ma yana taya ka. Yaran da na koya wa duk kuskurensu ɗaya, sai su dinga dannawa da ƙarfi wajen turawa har bakin ya lanƙwashe ko ya karye, alhali a turawa hutawa ake yi.

Sannan ka duba bakin, mai kyau za ka ga ɗan ƙugiya a sama da wata 'yar wuƙa a ƙasa kusa da sanda. Ta ƙasan nan da ita ake tsaga ɓawo ta ƙarƙashin reshe kafin a fara yanka. In ba ka yi haka ba reshen zai yi nauyi ya karye ya tafi da ɓawon bishiyar har gindi, kamar an feɗe ta, mai gida ya fito ya gani ka ga kuwa ba zai sake kiranka ba. Babban reshe sau uku ake yanka shi: ka tsaga ta ƙasa, ka matsa gaba kaɗan ka yanke ta sama ya faɗi, sannan ka dawo ka cire guntun da ya rage daidai wajen ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, kar ka shafe kumburin don ta nan bishiya take rufe ciwonta.

Injiniya_Fulogi:
Baba ya faɗi gaskiya amma ni makaniken ƙananan injina ne, bari in kare mai inji kaɗan. In aikin yawa ne, misali layin bishiya talatin a makaranta rassa masu kaurin cinya, wallahi na hannu zai cinye maka kwana uku a abin da inji zai gama yini ɗaya. Matsalar dai guda biyu ce. Na farko jabu ya cika kasuwa, an manna suna an shafa fenti ruwan lemo, wata biyu kabureta ta fara wasa kuma ba ka samun kayan gyaransa, don haka kafin ka ba da kuɗi ka tambayi mai shago ko yana da sarƙa da fulogi da igiyar tayarwa na wannan samfurin, in ya fara kame-kame ka kama gabanka. Na biyu haɗin mai. Yawancin waɗanda ake kawo min sun ƙone, zallar fetur aka zuba ko aka haɗa da baƙin man mota. Injinan kamfanonin Stihl da Husqvarna haɗin 50:1 suke so, wato mil 100 na man haɗi a lita 5 na fetur, kuma ko HT 135 ɗin da Baba ya ambata duk da yana da bawul irin na injin mota sai an haɗa masa. Man sarƙa kuma tankinsa daban, kar ka bari ya bushe. Mai batir yana da daɗi ba ƙara ba hayaƙi, sai dai in ba ka da sola ko tsayayyar wuta a gida to batir biyu ma ba za su fitar da kai ba, ga shi ba ya son a bar shi cikin rana.

Mai_Lambun_Mangwaro:
Ni mai almakashin nake amfani da shi kullum a lambu. Amma fa na ƙananan rassa ne, kaurin babban yatsa zuwa santimita 3 haka, in ka matsa masa ya ciji wanda ya fi ƙarfinsa sai ya maƙale a sama kana ta jan igiya. Akwai sandar da ake canza mata kai, ka cire zarto ka sa almakashi, ita ce ta fi maka sauƙin kuɗi. Mangwaro kuma ka bari sai an gama tsinke 'ya'ya, kuma ka sa riga mai dogon hannu da tabarau don ƙaronsa yana ƙona fata, garin katakon kuma kai tsaye ido yake nufa.

Tsohon_Ma'aikacin_Wuta:
Ɗana duk abin da aka faɗa maka daidai ne amma ba wanda ya taɓo wayar lantarki, kuma ita ce ta sa na kasa wucewa ban yi magana ba. Rabin kiran da za a dinga yi maka na reshen da ya hau waya ne, mai gida ya gaji da tartsatsi in an yi iska. Sandar Silky ɗin nan alminiyam ce, mai injin ma akwai ƙarfe a cikinsa tun daga sama har hannunka. Layukan da ke bin unguwanninmu akwai mai 11kV akwai mai 33kV, wato ƙarfin wuta volt dubu 11 da dubu 33, kuma irin wannan ba sai ka taɓa ba, in ka matso sosai wutar tsallakowa take yi, ɗanyen reshe ma yana ɗaukar ta. Littafin Stihl da kansa cewa ya yi a bar tazarar mita 15 tsakanin injin da wayar sama. Na taɓa zuwa wurin da abin ya faru da wani matashi, gora ce ma a hannunsa ɗanya ya ɗaure lauje a kai, na ga tafin ƙafarsa inda wutar ta fita, har yau ban manta ba.

In unguwa za ka dinga aiki nemi sandar faiba, irin ta Jameson da ake haɗawa gaɓa-gaɓa, ta fi nauyi kaɗan amma ba ta ɗaukar wuta kamar alminiyam. Ko ita ma in ta jiƙe ko ta yi datti ko ta tsage ba abin dogaro ba ce. Reshe in yana kan babban layi ka ce wa mai gida ya je ofishin wuta a kashe layin tukuna, in ya ce ai an ɗauke wuta tun safe kar ka yarda, ba wanda ya san minti nawa ya rage a dawo da ita.

Ɗan_Darbejiya:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Baba na wuta wallahi jikina ya yi sanyi, don akwai aikin da na karɓa na ranar Asabar kuma reshen yana shafar waya, yanzu zan kira mai gidan in ce sai an kashe layi. Na tsayar da shawara kan sandar faiba mai canjin kai, zarto da almakashi, inji sai aiki ya ƙaru. Saura tambaya ɗaya, gaɓa nawa ya kamata in saya?

Baba_Mai_Zarto:
Uku sun ishe ka, kowace wajen mita 1.8 take. In ka wuce haka sandar lilo take yi ba ka iya saita bakin. Kuma kar ka tsaya daidai ƙarƙashin reshen, ja baya sandar ta ɗan kwanta, ka duba inda za ka kauce tun kafin ka fara ja. Ka haɗa da hular kwano a cikin kuɗin.