Duwatsu masu siffar katantanwa a tuddan Adar: yaya ake gane su?

Ɗan Adar, Tawa:
Assalamu alaikum. A gangaren tuddan da ke kewayen Kaita, inda ruwan damina ke zaizaye ƙasa, ɗalibaina suna tsinto duwatsu masu murɗiya irin ta katantanwa, wasu dogaye masu tsini, wasu kuma dunƙulallu. Ina neman wanda zai tabbatar mini ko halittun teku ne, ya kuma nuna mini yadda ake bayyana su a rubuce.

Malamar kimiyyar ƙasa, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Halittun teku ne. Wani teku marar zurfi ya taɓa ratsa Sahara ya rufe ƙasar Adar, kuma dutsen farar ƙasar da ake haƙa a Malbaza don yin siminti a ƙarƙashinsa ya kwanta, tsakanin shekaru miliyan 66 da miliyan 56 da suka wuce. Sai dai abin da yaran ke kawowa galibi ba ɓawon ba ne: laka ce ta cika cikin katantanwar ta daskare, ɓawon kuwa ya narke daga baya. Shi ya sa za ka ga jikin sumul, da ɗan rata tsakanin zagaye da zagaye, daidai inda ɓawon yake a da.

Wajen bayyanawa, ka riƙe dutsen tsini yana sama, baki yana fuskantarka. A mafi yawan dodannin koɗi bakin yana hannun dama. Sannan ka ƙidaya zagayen, ka auna tsawo da faɗi da milimita, ka duba ko zagayen ƙarshe ya rinjayi sauran girma, da kuma ko akwai rami a gindin.

Mai sha'awar duwatsu, Madawa:
Malam, a yi hattara da waɗanda suka naɗe a kwance ba tare da tsini ba. Idan akwai layuka da suka gitta jikin, alamar ɗakuna ce a ciki, wato dangin Nautilus ne, wata dabbar teku mai naɗaɗɗen ɓawo, domin dodon koɗi ba ya raba ɓawonsa ɗaki-ɗaki.

Ɗan Adar, Tawa:
Na gode ƙwarai. To, dogayen nan zan iya rubuta musu suna?

Malamar kimiyyar ƙasa, Yamai:
Kana iya rubuta cewa suna kama da Turritella, wani dodon koɗin teku mai dogon ɓawo mai tsini, amma a ganina kada ka wuce nan, saboda zanen bayan ɓawo da ake rarrabe jinsi da shi ya tafi tare da ɓawon. Abin da ya fi suna amfani shi ne takardar da za ka haɗa da kowane ɗaya, mai ɗauke da wurin da aka tsince shi, launin dutsen, da ko a jikin gangare yake ko ruwa ne ya gangaro da shi. Da wannan bayani da hoto mai ma'auni a gefe, malaman ilimin duwatsu na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai za su iya duba maka shi.