Wanda ya sauko daga jirgin ruwa zuwa Damagaram: mako biyun farko

Ɗan Birni: Assalamu alaikum. Ƙanenmu na hanyar gida bayan wata tara a jirgin dakon kaya. Ku da kuka yi aikin teku, da ku da kuka saba tarbar masu yin sa, me gida zai shirya, me shi kuma zai kiyaye?

Mai Inji: Wa alaikumus salam. A fara da takardu, don abin da aka baro a jirgi ba ya biyo mutum Damagaram. Kada ya sauka sai kyaftin ya sa hannu da hatimi a littafinsa na aikin teku, ranar hawa da ranar sauka daidai, domin da waɗannan kwanaki ake lissafin ƙarin girma. Ya karɓi takardar albashi ta ƙarshe, ya duba kuɗin hutu. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, ta ba shi aƙalla kwana biyu da rabi a kan kowane wata. Wata tara kuwa kwana 22 da rabi ke nan. Kuɗin mayar da shi inda kwantiragi ya ambata yana wuyan mai jirgi. Takardar lafiya shekara biyu take yi, ya dubi ranarta tun yanzu, kada kira ya zo ta riga ta mutu.

Baba na Zango: Ɗana, abin da ke tsorata gida shi ne tangaɗi. Za ku gan shi tsaye a tsakar gida ya ware ƙafafu, ko ya dafa bango lokacin alwala, ya ce ƙasa na lilo da shi. Ba maye ba ne, ba kuma iska ba. Wata tara kunnen ciki da ƙwaƙwalwa suna bin motsin jirgi, sai sun sake koyon ƙasar da ba ta motsi. Ya fi tsanani a ɗaki ƙarami, da cikin duhu, da in ya rufe ido yana wanka. Alamarsa ita ce in ya shiga mota tana tafiya sai ya lafa, in ta tsaya ya dawo. Yawanci kwana ɗaya zuwa uku ya wuce. Maganinsa tafiya a ƙasa a fili, safe da yamma, ido na kallon nesa. Kwanciya wuni guda tana jan sa. A waɗannan kwanaki kada ya hau tsani ko soro, kada ya tuƙa babur. In ya kai wata guda, ko ya zo da amai da toshewar kunne, a je asibiti.

Barci ma haka. Wanda ya saba gadin sha biyun dare zuwa huɗu zai dinga farkawa tsakar dare garau. Kuma shirun gida na hana shi barci, don ya saba da gurnanin inji. Ƙarar fanka tana taimakawa. Ya tashi da asuba ko da bai ƙoshi ba, ya sha hantsi, barcin rana kada ya wuce rabin awa. Abokan fada su yi masa uzuri a kan shayin dare na mako ɗaya.

Likita ta Sabon Gari: Baba ya faɗi gaskiya. Ni abin da ya fi damuna masassarar cizon sauro ce. Ɗan juriyar da jikin ɗan ƙasa ke da ita tana raguwa in ya daɗe sauro bai cije shi ba, shi ya sa mai dawowa kan sha wuya fiye da waɗanda ya tarar, musamman daga Agusta zuwa Oktoba. A ɗaura masa sange tun daren farko. Jiki ya yi zafi, a yi gwajin jini ranar nan, kada a ce gajiyar hanya ce.

In kuma a Afrilu ko Mayu ya iso, daga ɗaki mai sanyi ya faɗo cikin zafin da ke haura digiri 40. Jiki na bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba. Yawon gaishe-gaishe a yi shi da safe ko bayan la'asar. Ruwan garuwa a tafasa masa, cikinsa ya saba da tataccen ruwan jirgi. In zawo ya kama: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Mai Inji: Na manta da kuɗi. Sefar Duwala ta Kamaru da Pointe-Noire ta Kwango ba tamu ba ce, ba ta sayen komai a kasuwar Dole, ya canza ta can. Yuro ɗaya kusan sefa 656 yake, ba ya motsi. Dalar Amurka ce ke hawa da sauka, a tambayi farashi wuri biyu. In ta Legas zai biyo, Kano zuwa nan kusan kilomita 240 ne. In ta Yamai, kusan 900, wuni guda cur a zaune, ya dinga sauka yana taka ƙafa a Konni da Maradi.

Hajiya ta Garin Malam: Yayana Ɗan Birni, ku ce ya sanar da ranar isowa, kada ya faɗo wa iyali da dare, sunna ma ta hana. Yaro ɗan shekara biyu zai iya ɓuya bayan zanen uwarsa, kada a tilasta shi, a bar uban ya zauna a tabarma, yaron zai matso da kansa. Matar gida wata tara tana riƙe da cefane da makaranta, ya saurari yadda ta tsara kafin ya sauya wani abu. Tsaraba kuwa a ware kuɗinta tun farko, sauran kuɗin a raba bisa watannin da zai zauna, a ƙara wata biyu, don kiran jirgi kan yi jinkiri.

Ɗan Birni: Allah ya saka da alheri. Kayan jakarsa fa?

Baba na Zango: A fito da su ranar nan. Gishirin teku na maƙale a yadi, yana cin zif da maɓallan ƙarfe. A jiƙa a ruwa zalla, a ɗauraye sau biyu kafin a sa sabulu, a shanya a inuwa. Takardu a leda, a akwatin ƙarfe, nesa da bango saboda gara.