Musayar Waƙa: Fansho da Tallafi Ran da Arziki Ya Karye

Baba Mai Ritaya:
Assalamu alaikum. Ga abin da ke raina, mai amsa ya amsa.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai bai wa bawa, mai hanawa,
Waƙar da zan yi ta kokawa,
Kan halin da muke ciki, 'yan ritaya.

Tun ina da ƙarfi ake cirewa,
Kowane wata ana yankewa,
Aka ce da ni ana tarawa,
Ranar tsufa a ba ni ajiya.

Da arzikin ƙasa ya karye,
Masu zuba jari suka janye,
Tsadar rayuwa ta zo ta shanye
Abin da na tara gaba ɗaya.

Lambar takarda ba ta canja ba,
Ko kaɗan ba a ɗebe ba,
Amma wata bai kai rabi ba,
Aljihu ya bushe, ga jinya.

Ƙwayar da likita ya rubuta,
Biyu nake yi in na karya ta,
Don ta kai ni ƙarshen wata,
Haka ake neman lafiya?

'Yar Lissafi:
Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara sauƙi. Zan bi amsa-amonka.

Baba sannu, na ji kukanka,
Ba mai musun gumin goshinka,
Bari in buɗe ma asusunka,
Ka ga yadda kuɗin ke tafiya.

Wani tsarin kuɗinka ake juyawa,
A hannun jari ake zubawa,
In kasuwa ta hau, da ƙaruwa,
In ta faɗi, kai ma ka sha wuya.

A 2008 an ga zahiri,
Bankin Lehman na Amurka ya nutse da jari,
Wanda ke shirin hutu da wuri
Ya wayi gari ya koma baya.

Ɗaya tsarin babu tarawa,
Mai aiki yau ke zubawa,
Tsoho a yau ke karɓawa,
Hannu da hannu ake biya.

To in masana'antu sun rufe,
An sallami ma'aikata tun safe,
Haraji ya ja baya ya ƙafe,
Wa zai zuba? Ga tambaya.

Baiti ba zai ɗauki wannan ba, shi ya sa na sa shi a zube: OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, ta ƙiyasta cewa a 2008 kaɗai, fansho mai zaman kansa a ƙasashenta ya yi asarar kashi 23 cikin 100, wajen dala tiriliyan 5.4. Wanda ya fi jin jiki shi ne mai dab da ritaya, don ba shi da shekarun jiran kasuwa ta farfaɗo.

Ɗan Ƙwadago:
Yaya, tambayarki a kaina ta sauka. Ni da ƙwar biyu zan zo, kuma na canja amo.

Baba gafara dai, in sa baki,
Ni ne mai zubawar, in na sami aiki.

Yau kwangila, gobe zaman jira,
Ba wanda ya sa mini fansho a ciki.

A Girka, 2013, an ƙirga matasa,
Fiye da rabinsu ba su da aiki.

Faransa ta ɗaga ritaya a 2023,
Daga 62 zuwa 64, aka yi ta ɗauki.

Tsorona in zuba har in tsufa,
In je karɓa a ce ba komai a ciki.

Gwaggo Uwar Marayu:

Ɗana, kar ka ga laifin Baba,
Ba shi ya karya kasuwa ba,
Ku biyun ba ku ci ribar ba,
Ku biyun aka bari da biya.

Ni nawa batun na tallafi ne,
Na marayu da naƙasassu ne,
Da wanda aka kora yana zaune,
Ba fansho, kuma ba ajiya.

Ran da arziki ke bunƙasa,
Layin karɓa ba shi da nisa,
Ran da ya kife ya faɗi ƙasa,
Layin ya zarce bakin hanya.

Sannan ake tsuke bakin aljihu,
A ƙara sharuɗɗa cikin duhu,
Mai rauni ba shi da ƙarfin ihu,
Da shi ake farawa, ba kunya.

Na ga tsohuwa ta zo da jika,
Takardu a ƙulle cikin jaka,
Ma'aikaci ya duba ya ce haka:
"Sunanki ba ya ciki, Iya."

Ta ce ya sake dubawa,
Bara ma nan take karɓawa,
Ya ce bana an yi ragewa,
Ta kama hannun yaron ta juya.

Malamin Tarihi:
Gwaggo, baitocin Iya sun taɓa ni ƙwarai. Ku yi haƙuri da shekaru a cikin waƙa, sana'ar ce.

A 1929 Amurka ta faɗi,
Bankuna suka tafi da kuɗi,
Zaman banza ya yi tsawo da faɗi,
A ma'aikata huɗu an zaunar da ɗaya.

Cikin ƙuncin nan Shugaba Roosevelt ya tashi,
A 1935 ya aza harsashi,
Tsoho da wanda ya rasa albashi,
Aka yi musu dokar kariya.

Girka kuwa bashi ya shaƙe ta,
Daga 2010 masu rance suka matse ta,
Yanka kan yanka aka sa ta,
Fiye da sau goma, kan 'yan ritaya.

A Latbiya, 2009, an zabge kashi goma,
Tsofaffi suka kai ƙarar hukuma,
Kotun tsarin mulki ta ce a koma,
A mayar musu, can ƙasar Latbiya.

Abin da ya ƙara wa na Girka ciwo, a gidaje da yawa fanshon kaka ne ke riƙe da 'ya'ya da jikokin da suka rasa aiki. Yankan mutum ɗaya aka rubuta, gida guda ya ji shi.

'Yar Lissafi:

Malam, kotu na da hukunci,
Ni ma ina son adalci,
Amma baitulmali in yana ƙunci,
Hukunci ba ya haifar dukiya.

In an buga kuɗi don a biya ku,
Farashi zai tashi ya bi ku,
Zimbabuwe a 2008 ta ishe ku,
Fansho ya zama takarda, ba ƙarya.

Malamin Tarihi:
Gaskiyarki 'yata, ban musa ba. Amma ji wannan.

Ayilan ta yi asusu don fanshon gobe,
Da bankunanta suka zube,
Daga cikinsa aka je aka ɗebe,
Aka tallafi banki har ya tsaya.

Kuɗi in an so ana samowa,
Zancen wa za a fara cetowa,
Fansho ba kyauta ake bayarwa,
Albashi ne da aka jinkirta biya.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya yi muku albarka duka. Malam ya faɗi abin da na kasa tsarawa.

Roƙona a ɗaure fansho da farashi,
In ya tashi shi ma ya tashi,
Ko a bi shi da ƙarin albashi,
Kamar yadda ake a Birtaniya.

Kai kuma ɗana, na ji tsoronka,
Ba na so nauyina ya karya bayanka,
In ya zama dole sai an yi yanka,
A fara ta sama, a ƙyale su Iya.

'Yar Lissafi:
Tsarin da Baba ke nufi ya fara aiki a 2011: kowace shekara ana duba hauhawar farashi, da ƙarin albashi, da kashi 2.5 cikin 100, wanda ya fi yawa da shi ake ƙara fanshon gwamnati. Yana kare tsofaffi sosai, sai dai yana da tsada, kuma masu aiki ne ke ɗaukar tsadar.

Ɗan Ƙwadago:

Baba na yarda, a fara ta sama,
Mai ƙaramin rabo a bar shi ya ji sauƙi.

In ana son hannun da zai zuba,
Sai a fara samar masa da aiki.

Yaya, saura ki ba mu baiti,
Mai kwangila ta ina zai shiga ciki?