Kwana biyu a Elmina da bakin tekunta: ta ina za a fara?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mai kwana biyu daga Akra a ƙasar Ghana, yana son ganin tsohon gidan tsare bayi na Elmina da bakin tekun wajen, yaya zai tsara?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. A kama motar Cape Coast a tashar Kaneshie da asuba. Kusan kilomita 150 ne, amma cunkoson Kasoa ke cinye lokaci, kada hantsi ya same ku can. Daga Cape Coast tasi zai sauke ku Elmina cikin kamar minti ashirin.

Yaya Ummi: A ba gidan Elmina wuni guda, bai cancanci gaggawa ba. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. A bi ɗan rakiyar da ke bakin ƙofa, don shi zai nuna kurkukun mata da ke ƙarƙashin benen gwamna, da ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896. Ɗakunan ƙasa duhu ne, ga zafi, iska ba ta shiga sosai. Mai asma ko tsoho ya riƙe ruwa, ya tsaya kusa da ƙofa. Hanyar da aka riƙa fitar da bayi zuwa jirgi kuwa matsattsiya ce, mutum ɗaya-ɗaya take ɗauka.

Malam Sani: Da la'asar a hau tudun St. Jago da ke fuskantar gidan. Daga can ake hango kwale-kwalen masunta jere a bakin ruwan Benya. Sai dai ranar Talata ba a fita kamun kifi, mai son ganin hada-hadar kasuwar kifi ya kauce mata. A nemi izini kafin a ɗauki mutane hoto.

Alhaji Bala: Ina roƙon arziki, kada yara su shiga teku kusa da gidan. Igiyar ruwan tana ja ta ƙasa ko da sama ya yi lumui, ga duwatsu. Don zaman shan iska, bakin tekun Brenu ya fi tsabta, yana yamma da gari kaɗan.

Hajiya Rabi: Alhaji, rana ta biyu fa? Gandun dajin Kakum ko gidan tsare bayi na Cape Coast?

Alhaji Bala: Duka biyun suna yiwuwa in an sammako. Kakum tukuna, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Gadojin igiya bakwai ne a saman itatuwa, tsayin wasu ya kai mita 40 daga ƙasa. A sa takalmi sawu-ciki, silifas na zamewa a hawan tudun, musamman da damina a Mayu da Yuni.

Yaya Ummi: Mai komawa ta hanyar Kumasi ya tsaya Assin Manso, a rafin da ake wa bayi wankan ƙarshe. Da yawansu daga arewa aka koro su, ta kasuwar Salaga, garin da fataken goro Hausawa suka daɗe suna sauka.

Malam Sani: Sallah da abinci kuma, a tambayi zango a wajen kasuwar Kotokuraba da ke Cape Coast.