Firjina yana tara ƙanƙara a sama, ƙasa kuma babu sanyi

Mai tambaya, daga Tudun Wada, Gombe: Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan firjina, domin kwana tara ke nan hankalina bai kwanta ba. Mai ƙofa biyu ne, yana cikin kayan ɗakin da mahaifina ya yi mini, Allah ya jiƙansa, shi ya sa duk sa'ad da maigida ya kawo zancen sayar da shi sai in ji kamar wani nawa za a raba ni da shi. Da shi nake sana'ar zoɓo da kunun aya. Tun da muka taso daga Bolari ya canza hali: ƙanƙara ta cika sama har ƙofar ba ta rufuwa sosai, ƙasa kuma kamar kabad, ga injin yana yin ƙas sai ya yi shiru. Jiya gora 30 na kunun aya na zubar saboda tsami. Me zan yi?

Wata uwargida, daga Pantami: Wa alaikumus salam. Gas ne ya ƙare, 'yar uwa, ki kira mai gyara ya ɗura miki. Sai dai ki tsaya a kansa, domin ni wanda na ba nawa ya kai shago, wata biyu ina sintiri, da ya dawo da shi kuma ƙarar injin ma ba irin ta da ba ce. Har yau ina zargin musanya mini ya yi.

Tsohon mai gyara, daga Jekadafari: Hajiya, gas ɗin firji ba kalanzir ba ne da zai ƙone ya ƙare. Zagayawa yake yi cikin bututu a rufe, ba ya raguwa sai in akwai huda, kuma wanda ya ɗura bai toshe hudar ba ya ci kuɗinki ne kawai. Ke kuma 'yata, fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ki zare shi daga soket, ki buɗe ƙofofin, ki bar ƙanƙarar ta narke da kanta, domin in ta wuce kaurin rabin santimita tana hana sanyi yaɗuwa. Sannan ki saka takardar naira a bakin ƙofa ki rufe, ki ja. In ta zame babu turjiya, robar ta saki, iska mai ɗumi na shiga, ita ce take zama ƙanƙarar. Ki janye shi daga bango kamar santimita 10, ki goge ƙurar hunturun da ta like a wayoyin baya. Ƙasa ya kamata ya tsaya wajen digiri 4, sama kuma 18 ƙasa da sifili. Amma ki faɗa mini, da me kike cire ƙanƙarar, kuma a kwance aka ɗauko shi ranar tashi?

Mai tambaya: Baba, na gode. A kwance aka sa shi a bayan a-kori-kura, muna isa na jona shi saboda akwai nama a ciki. Ƙanƙarar kuwa da wuƙa nake ɓamɓarewa, amma a hankali nake yi, shekara shida ban taɓa samun matsala ba. Janye shi ba zai yiwu ba, kicin ɗin ƙarami ne, risho ma a gefensa yake.

Tsohon mai gyara: To, kin ga inda gizo ke saƙar. Firjin da aka kwantar sai an bar shi a tsaye na wasu awoyi, man injin ya koma mazauninsa. Bututun gas kuma a jikin farantin da kike sara yake, tsini ɗaya ya isa. Ki duba takardar da ke manne a baya. In an rubuta R600a, gas ne mai kamawa da wuta, ga shi kin ajiye risho kusa da shi.

Wani magidanci, daga Tumfure: Da girmamawa, Malam, ni ina ganin wutar ce. A unguwarmu ƙwan fitila ma ja yake yi da dare, injin da aka yi don wuta mai ƙarfin 220 kuwa ba zai iya tashi a haka ba, shi ne wannan ƙas ɗin. Ta sayi sitabilaiza mai jinkiri, ko ta riƙa jira minti 5 bayan an kawo wuta kafin ta kunna. Mu kam wata uku ke nan muna karo-karon gyaran taransifoma, ga bil yana zuwa kamar muna da masana'anta.

Tsohon mai gyara: Wuta tana iya jawo ƙarar, amma ba ita take hana ƙofa rufuwa ba. A narkar da ƙanƙarar tukuna. Kuma 'yata, ina fata ba da ɗuminsa kike zuba zoɓon ba, a wannan zafi na Afrilu da ake kai digiri 40.

Mai tambaya: In na ce sai ya huce sarai, kafin nan an ɗauke wuta, yara kuma ƙarfe biyu suke fita da kula. Kashe shi yini guda asarar ciniki ce da ba zan iya ɗauka ba a wannan makon. Shin babu wanda ya san farashin canza robar kaɗai? Maigida dai ya sake cewa a sayar.

Wata uwargida: In za ki sayar, ki fara sanar da ni.