Neman shawara: ina zaune a Jos, jami'ata na nesa, yaya zan yi da laburare?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi? Don Allah a taimaka mini da shawara. Ina koyarwa a wata sakandare a nan Jos, ina kuma digiri na biyu a fannin Tarihi a wata jami'a da ke wata jihar, sai ƙarshen wata nake leƙawa. Bincikena a kan leburorin da suka yi aikin kuza ne a Bukuru da Barikin Ladi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kakana na cikinsu, daga ƙasar Katsina aka kwaso su, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Mai duba aikina ya dawo mini da babi na biyu, ya ce duk tsince-tsincen intanet ne, in je laburare. Na je na jami'armu, na yi awa biyu ina zagaya kantoci, da ƙyar na fito da littafi ɗaya. Shi ma na sha'afa da ranar maidowa, ya yi wata biyu a ɗakina, na biya tara, tun daga nan kunya ta hana ni komawa. To, zan iya shiga laburaren Jami'ar Jos alhali ni ba ɗalibarsu ba ce? Za a ba ni aro? Kuma ta yaya ake gane inda littafi yake?

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam Malama. Ki karɓo takardar gabatarwa daga sashenku ko daga laburarenku, mai ɗauke da taken bincikenki, a rubuta ta zuwa ga shugaban laburaren. Ki haɗa da katin ɗalibta da hoton fasfo. Haka na yi lokacin nawa.

Baban Ummi:
'Yata, shekara ashirin da 'yan kai na yi a bayan kanta kafin in yi ritaya, bari in rage miki hanya. Maganar Ɗan Gangare haka take, amma ki cire rai da aro. Baƙo karatu ake bari ya yi a ciki, ba a ba shi littafi ya fita da shi. Ba rowa ba ce. Ɗalibin gida in ya riƙe littafi, za a kama shi ranar da ya zo neman sa hannun sallama, ba zai karɓi sakamakonsa ba sai ya biya. Ke kuwa in kin tafi, wa za a riƙe?

Kada wannan ya dame ki, domin abin da aikinki ya fi buƙata ko 'yan gida ba a ba su aronsa. Kundayen digiri na biyu da na uku, tsofaffin jaridu, mujallun ilimi, rahotannin gwamnati, da littattafan da aka keɓe saboda kwafinsu ɗaya ne, duk a zaune ake karanta su. Ki zo da littafin rubutu mai kauri. Jakarki a bakin ƙofa za ki bar ta, don haka kuɗi da waya su kasance a hannunki.

Zagayen awa biyun nan kuwa, kuskuren shi ne kin fara da kanta. Da katalog ake farawa, na kwamfuta ko na kati a cikin durowa. Ki nemi sunan marubuci ko batun, ki kwafe lambar littafin kaf, haruffa da alƙaluma. Yawancin jami'o'inmu tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi. A tsarin nan tarihin Afirka yana ƙarƙashin DT, na Nijeriya DT515. Batun ƙwadago da masana'antu HD ne, fasahar haƙar ma'adinai TN. Kin ga aikinki ya rabu gida uku, a kantoci uku masu nisa da juna. Wanda ya tsaya a DT kaɗai rabin abin zai gani. In kin sami littafi ɗaya mai kyau, ki duba na damansa da na hagunsa, dangi ne.

Sannan akwai teburin da ɗalibai ke wucewa kamar ba su gan shi ba, na jami'in amsa tambayoyi. Albashinsa a kan tambayarki ake biyansa. Amma kada ki ce masa "ina neman abu a kan kuza". Ki ce kina neman aikin tilas a ma'adinan Filato daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya (wani ɓangare na Malesiya ta yau), Ingila ta rasa kuzar can ta juyo kan tamu. Da jin haka ya san inda zai kai ki.

Injiniya Rikkos:
Baba, da girmamawa, zamani ya wuce durowar kati. Malama, ki buɗe asusun kyauta a JSTOR, rumbun mujallun ilimi na intanet, ana iya karanta wasu maƙaloli kyauta kowane wata. Akwai AJOL na mujallun Afirka, ga Google Scholar. Kina kwance a gida za ki gama.

Baban Ummi:
Injiniya, ai ba mu saɓa ba. Rumbunan da ake biya wa kuɗi, wa ke riƙe da mabuɗinsu? Laburaren ne. Ta je sashen intanet na makarantarsu a yi mata rajista, ta tambaya ko za ta iya shiga daga gida. Haƙƙinta ne, yana cikin kuɗin makarantar da ta biya. Sai dai fayil ɗin Razdan, Baturen mulkin lardi, na 1943 ba ya JSTOR, ɗana.

Anti Larai:
Ni gargaɗi ɗaya zan ƙara. Kada ki karɓi kalmar sirri a hannun masu shagon kwamfuta, kada kuma ki ba kowa taki. Kamfanonin da ke da rumbunan nan in sun ga ana sauke kaya ba ƙaƙƙautawa suna iya rufe wa jami'a gaba ɗaya. Batun tara kuma, haba Maman Hanif, wa bai taɓa biya ba? Ni sai da aka nemi in sayo sabon littafi saboda yaro ya zuba wa na aro koko. Ki koma abinki. In kin ga ba za ki gama a kan lokaci ba, ki kai a sabunta miki kwanan wata kafin ya cika, ba bayan ya wuce ba.

Malamin Tarihi:
Malama, a tuna cewa gobarar Oktoban 2016 ta ci laburaren Jami'ar Jos da ke harabar Naraguta, inda littattafan fannoninmu suke. Saboda haka in kin ga sunan tsohon littafi a wani wuri, ki tabbatar yana nan kafin ki sa rai, ki kuma tambaya ko a ɓangaren titin Bauchi yake.

Amma gaskiya, aiki irin naki ba ya kammala sai an je Kaduna. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke can ita ke riƙe da fayilolin mulkin mallaka na Arewa, ciki har da na Lardin Filato, waɗanda ake wa laƙabi da JosProf. Ki nemi na lardunan da aka ɗebo mutanen ma, tunda kin ce kakanki daga Katsina yake. Daga nan ki biya Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ki tambayi tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1939 ta fara fita, shekarun yaƙin duk suna ciki. Takardar gabatarwar nan ki sa a yi miki kwafi uku, kowane wuri da sunansa. Kuma duk abin da kika kwafa, ki rubuta lambar fayil da shafi nan take. Na taɓa komawa Kaduna takanas saboda lamba ɗaya da na manta.

Wani abu kuma: tsofaffi ba "aikin tilas" suke cewa ba, "ɗiban gwamna" suke cewa. In za ki yi hira da dattawan Bukuru, da wannan kalmar za ki buɗe bakinsu.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma Baba. Malam, wallahi sai da jikina ya yi sanyi, kalmar da kakata ke faɗa ke nan, ban taɓa sanin ita ce ba. Na kira sakataren sashenmu, ya ce takardun za su fito ranar Alhamis. Saura tambaya ɗaya: a Kaduna ana barin mutum ya ɗauki hoton fayil da waya, ko sai fotokwafi?

Malamin Tarihi:
Kada ki ɗaga waya sai kin nemi izini a wurin jami'in ɗakin, kuma ki tafi da 'yan kuɗi a hannu, don ana biyan na rajista da na kwafi. Ki isa da sassafe, fito da fayil yana cin lokaci. Ki ware kwana uku aƙalla.